Babi na Biyar: Lambar da Ta Gagari Rumbun Sarki

18,446,744,073,709,551,615.

Mai karatu, gwada karanta wannan lamba da baki kafin ka wuce. Na sha miƙa wa mutane ita a rubuce, har da waɗanda kullum hannunsu ke cikin kuɗi da lissafi, kuma kusan kowa yakan yi shiru, ya ɗora yatsa ya soma ƙirga waƙafi daga dama zuwa hagu. Alƙaluma ashirin gare ta. Kakanninmu da suka yi ciniki da wuri suna da ɗari da dubu da zambar. Mu muka ƙara miliyan da biliyan, sannan labarin kasafin kuɗi a rediyo ya koya mana tiriliyan. Duk da haka sunayen ba su kai ba, sai an goya wani a bayan wani: tiriliyan miliyan 18 da dubu 446 da 744, da biliyan 73, da miliyan 709, da dubu 551, da 615.

Da ƙwayar alkama labarinta ya soma. Alƙali Ibn Khallikan, wanda ya fara rubuta littafinsa na tarihin manyan mutane, Wafayat al-A'yan, a birnin Alƙahira a 1256, ya kawo hikayar wani mai hikima a ƙasar Indiya, Sissa ɗan Dahir, da ya ƙirƙiro wasan shaɗaranji ya kai wa sarki. Allon wasan yana da gida 64, takwas a tsaye takwas a kwance. Wasan ya burge sarki, ya ce da shi ya faɗi tukwicin da yake so. Sissa ya roƙi a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa haka har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon, har ya ji kamar an wulakanta kyautarsa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: ma'aikatan fada suka je suka yi lissafi, suka dawo suka ce alkamar ƙasar duka ba za ta biya ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a ruwayar Ibn Khallikan shi ne gaskiyar da ya faɗa game da kansa. Ya ce shi ma zuciyarsa ba ta kwanta da maganar ba, sai da ya gamu da wani ma'aikacin lissafi na Iskandariya da ya zaunar da shi ya nuna masa. Mutumin ya san kan ɗan Adam ba ya riƙe lamba mai tsawo, saboda haka ya riƙa canza ma'auni. A gida na 16 ƙwaya 32,768 ce. Ya ce a ɗauke ta awo ɗaya, a ci gaba da ninka awo. Da aka kai gida na 40 ya ce a ɗauki abin da ya taru a can rumbu ɗaya. A gida na 50 rumbuna sun zama 1,024. Ya ce to wannan birni ɗaya ne. Daga nan aka ninka birane, sai ga gida na 64 shi kaɗai yana ɗauke da birni 16,384. Dabarar da 'yan kasuwar hatsi ke yi ke nan har yau: ba wanda ke ƙirga ƙwaya, ana ƙirga mudu, daga mudu a koma buhu, daga buhu a koma mota.

Mu ma za mu iya aunawa da ma'aunin zamaninmu. In muka ɗauka ƙwaya dubu 25 ke cika kilo ɗaya, tukwicin Sissa ya haura tan biliyan 730. Alkamar da duniya duka ke nomawa a shekara tana wajen tan miliyan 800. Ke nan sai manoman duniya sun shekara fiye da 900 suna kai wa mutum ɗaya duk abin da suka girbe.

Tun kafin Ibn Khallikan, wajen shekara ta 1000, al-Biruni ya riga ya fitar da jimillar daidai, alƙaluma ashirin ɗin nan da muka fara da su. Kuma ba sai an tara gida 64 ɗaya bayan ɗaya ba. Duba farkon allon. Ɗaya da biyu uku, gida na gaba huɗu ne. Ɗaya da biyu da huɗu bakwai, gida na gaba takwas ne. A ƙara takwas a sami 15, gida na gaba 16 ne. Kullum abin da ya taru yana gaza gida na gaba da ƙwaya ɗaya tak. Saboda haka jimillar allon duka ita ce abin da zai zauna a gida na 65, da akwai shi, ba ɗaya. Gida na 65 kuwa biyu ce guda 64 a jere, kowace a ninka da 'yar'uwarta. Masu lissafi suna rubuta wannan 2⁶⁴, lambarmu kuma 2⁶⁴ − 1.

A nan yawancin masu ba da labarin suke tsayawa. A yi mamaki, a ce tirƙashi, a tashi. Ni a ganina wanda ya tsaya a nan ya ga tsawon baƙo ne kawai daga nesa. A cikin siffofin lamba girma ne mafi arha, domin duk lambar da ka kawo zan ƙara mata ɗaya in fi ka. Idan ana neman aure ba a tsayawa kan cewa yaro dogo ne. Akan tura dattawa su binciko asali: ɗan wane ne, daga wane gida, su wa ye danginsa, mene ne halinsa. Haka masana lissafi ke yi wa lamba, kuma shi za mu yi wa wannan.

Tambayoyin bakin ƙofa

Tambayar farko kowa ya san ta daga sallar dare: shafa'i ce ko wutiri? Duk gidajen allon shafa'i ne, in ban da na farko mai ƙwaya ɗaya, kuma wannan ɗayar ita ta mai da jimillar wutiri. Biyu ba ta shiga cikinta daidai. Biyar tana shiga, tunda da 5 lambar ta ƙare. Don gwada uku sai a tara alƙaluman ashirin ɗin. Za a sami 87, kuma uku tana shiga 87 sau 29, don haka tana shiga lambarmu. Tara ba ta shiga 87, don haka ita ba ta shiga.

Wannan ɗan binciken ya riga ya amsa babbar tambaya. Lambobi iri biyu ne. Akwai waɗanda ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya da su kansu, irin 2, 3, 5, 7, 11, 13. A littafin nan muna kiran su gagara-rabo. Akwai kuma masu rabuwa, waɗanda aka gina da gagara-rabo yadda ake gina ɗaki da tubali: 15 uku ce sau biyar, 84 biyu ce sau biyu sau uku sau bakwai. Kowace lamba mai rabuwa hanya ɗaya ce tak ake gina ta, ba ta da tubalai kala biyu. Lambarmu mai rabuwa ce, kuma mun ga tubali biyu. Ina sauran?

Wanda zai bi ta hanyar gwaji, ya jarraba 7, ya jarraba 11, ya jarraba 13, zai sha wahala, don tubalan na iya ɓuya can cikin miliyoyi. Siffar lambar ce za ta rage mana aiki.

Nemi tsakuwa 16 ka jera su a ƙasa, layi huɗu, kowane layi huɗu. Ɗauke ta kusurwa guda. Saura 15: layi uku cikakku, da wani layi mai uku. Kwashe guntun layin nan, ka ba kowane cikakken layi tsakuwa ɗaya. Yanzu kana da layi uku, kowane biyar. Abin da idonka ya gani doka ce da ba ta saɓawa: duk lambar da aka ninka da kanta aka cire ɗaya, daidai take da ta ƙasa da ita sau ta sama da ita. Huɗu sau huɗu ba ɗaya, uku ce sau biyar. Goma sau goma ba ɗaya, tara ce sau sha ɗaya.

To 2⁶⁴ ita ma wata lamba ce sau kanta: 4,294,967,296. Saboda haka lambarmu ta tsage gida biyu nan take, 4,294,967,295 sau 4,294,967,297. Ƙaramar cikinsu ita ma 65,536 ce sau kanta ba ɗaya, sai ta tsage zuwa 65,535 da 65,537. Ita 65,535 ta tsage zuwa 255 da 257; 255 ta ba da 15 da 17; 15 ta ba da 3 da 5. Kamar ɓawon albasa, kowane ka ɗaye sai ka tarar da irinsa a ciki. Ba tare da raba komai ba mun sami yanki shida:

3 × 5 × 17 × 257 × 65,537 × 4,294,967,297.

Kuskuren Fermat

Waɗannan shida 'yan gida ɗaya ne. Kowace biyu ce da aka yi ta ninkawa sannan aka ƙara ɗaya: biyu da ɗaya, huɗu da ɗaya, 16 da ɗaya, 256 da ɗaya, 65,536 da ɗaya. Cire ɗayar, ka ninka abin da ya rage da kansa, ka mayar da ɗayar, ka sami ta gaba. Ana kiran su lambobin Fermat, da sunan Pierre de Fermat, masanin shari'a a kotun birnin Toulouse na Faransa, wanda ke yin lissafi a lokacin hutunsa amma ya zarce yawancin waɗanda suka mai da shi sana'a.

Fermat ya duba biyar ɗin farko ya ga duk gagara-rabo ne. A wasiƙunsa na 1640 ya bayyana cewa ya yi imani duk zuriyar haka take har abada, ko da yake ya yarda cikakkiyar hujja ba ta zo hannunsa ba. Ba na ganin laifinsa sosai. Shaida biyar a jere, ba ko ɗaya da ta saɓa, ga ta shida kuma ta haura biliyan huɗu a zamanin da ba abin lissafi sai alƙalami da tawada. Maganar ta zauna haka shekara casa'in da 'yan kai.

A Disamba 1729 Christian Goldbach ya rubuta wa wani saurayi ɗan Suwizalan da ke aiki a cibiyar kimiyya ta birnin St. Petersburg a Rasha, ya tambaye shi ko ya san da wannan zance na Fermat. Saurayin shi ne Leonhard Euler. A 1732, yana da shekara 25, ya nuna cewa 4,294,967,297 tana rabuwa: 641 ce sau 6,700,417.

Yaya mutum zai tsinci 641 a cikin wannan daji? Euler ya bayyana dokar daga baya. Ya tabbatar cewa duk gagara-rabon da zai shiga cikin lamba ta shida dole ya kasance wani ninki na 64 da ɗaya a kai. Wannan ya kore kusan kowa daga layi. Waɗanda suka rage su ne 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641, da masu bin su. A cikin goman nan, 65 da 129 da 321 da 385 da 513 su kansu masu rabuwa ne, don haka ba su cikin lissafi. Saura biyar. A gwada 193, ba ta shiga. A gwada 257, da 449, da 577, duk akwai saura. A gwaji na biyar, 641 ta shiga cif. Aikin da ake jin zai cinye rayuwar mutum ya koma rabawa biyar, abin da ɗan sakandare zai gama tsakanin la'asar da magariba. Wannan shi ne wurin da na fi ƙauna a duk tarihin lambar nan. Euler bai fi Fermat ƙarfin ƙirga ba. Ya dai tsaya ya tambayi wace irin ƙofa ce za ta iya buɗuwa kafin ya soma ƙwanƙwasawa.

Bayan nan abin ya juye wa Fermat gaba ɗaya. Ta bakwai a zuriyar, wadda ta fi lambarmu da biyu kacal, wato 18,446,744,073,709,551,617, ita ma an tsaga ta. Fortuné Landry ya sanar a 1880 cewa 274,177 tana shiga cikinta. Daga ta shida har zuwa ta 33, duk an tabbatar masu rabuwa ne. Tun zamanin Fermat zuwa yau, da duk ƙarfin kwamfuta, ba a ƙara samun gagara-rabo ko ɗaya a gidan ba bayan 65,537.

Yanzu asalin lambarmu ya fito sarari. Ita 6,700,417 gagara-rabo ce, don haka tubalan bakwai ne:

3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417.

Abin da tubalai bakwai suka faɗa

Da zarar tubalai sun bayyana, sauran tambayoyi sai su riƙa amsa kansu.

Ba tubalin da ya zo sau biyu. Wannan ba dace ba ne. Malaman rabon gado sun san nisba huɗu tsakanin lambobi biyu: tamasuli in sun yi daidai, tadahuli in ɗaya tana shiga cikin ɗaya, tawafuƙi in wata lamba ta uku tana shiga cikinsu duka, da tabayuni in ba abin da ya haɗa su sai ɗaya. Duk lambobin Fermat biyu da ka ɗauka, tabayuni ne tsakaninsu, kuma Goldbach ya lura da haka a 1730. Dalilin a fili yake. Uku sau biyar 15, wato 17 ba biyu. A ninka da 17 a sami 255, wato 257 ba biyu. Kullum in ka ninka na baya duka, za ka gaza ta gaba da biyu. Duk lambar da ta shiga cikin wata ta baya kuma ta shiga cikin ta gaba, tilas ta shiga cikin wannan biyun da ke tsakani, alhali dukkansu wutiri ne. Ba abin da ya rage sai ɗaya.

Lambobi nawa ne ke raba ta daidai? Kowane tubali ko dai ka ɗauke shi ko ka bar shi, zaɓi biyu sau bakwai, wato 128. Lamba mai alƙaluma ashirin, amma 128 ne kawai ke shiga cikinta, har da ɗaya da ita kanta. Sarkin da ya so raba alkamar Sissa daidai-wa-daida zai iya raba wa mutum 3, ko 5, ko 15, ko 17, ko 51, ko 85, ko 255. In mutanen bakwai ne ko goma ko ɗari, sai an sami saura.

Akwai wani tsohon rabe-rabe da Nikomakus, mutumin Jarash a ƙasar Jodan ta yau, ya rubuta wajen shekara ta 100, Thabit ibn Qurra kuma ya fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na tara. A tara duk lambobin da ke shiga cikin lamba, ban da ita kanta. In jimillar ta yi daidai da ita, cikakkiya ce, kamar 6, wadda take ɗaya da biyu da uku. In ta zarce, mai rara ce, kamar 12, da nata suka kai 16. In ta gaza, mai naƙasu ce, kamar 15, da nata suka tsaya a tara. Lambarmu fa? In ka tara 127 ɗin da suka rage bayan an cire ta, ba za su wuce kashi 70 da ɗigo cikin ɗari nata ba. Lambar da ta gagari rumbun sarki, a wannan ma'auni mai naƙasu ce.

Amma allon Sissa bai rasa cikakku ba, a ɓoye suke. Duk gidan da jimillar da ta taru zuwa gare shi ta zama gagara-rabo, ninka jimillar da ƙwayoyin wannan gida, za ka sami cikakkiyar lamba. Gida na biyu, uku sau biyu, 6. Gida na uku, bakwai sau huɗu, 28. Gida na biyar, 31 sau 16, 496. Gida na bakwai, 127 sau 64, 8,128. Uƙlidis ya tabbatar da wannan a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. A gida 64 na allon, tara ne kawai ke da wannan baiwa: na 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31 da 61. Sharaɗi ne lambar gidan ta zama gagara-rabo, amma hakan kaɗai bai wadatar ba, don jimillar gida na 11, wato 2,047, ita ce 23 sau 89. Waɗannan jimilloli su ake kira lambobin Mersenne, da sunan wani limamin kirista Bafaranshe da ya fitar da jerinsu a 1644. Gagara-rabo mafi girma da aka gano a Oktoba 2024 'yar wannan gida ce, jimillar allo mai gida 136,279,841, kuma alƙalumanta sun haura miliyan 41. Lambarmu 'yar Mersenne ce ta haihuwa, biyar daga cikin tubalanta bakwai kuma 'ya'yan Fermat ne. Dangi biyu manya suka haɗu a kanta.

Wani abu kuma da ya shafi murabba'i, wato lamba sau kanta. Lambarmu ta gaza zama murabba'i da ɗaya tak, kuma wannan ɗayar ta yi mata tsada. Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya haɗa ta da murabba'i huɗu ko ƙasa da haka. Wasu biyu sun ishe su, kamar 13, tara da huɗu. Wasu sai uku. Amma duk lambar da in aka raba ta da takwas bakwai ke saura, uku ba su isar ta, sai huɗun cif: bakwai ita ce huɗu da ɗaya da ɗaya da ɗaya, 15 kuma tara da huɗu da ɗaya da ɗaya. Lambarmu tana cikin waɗannan masu taurin kai.

Akwai wasu sunaye da ake liƙa wa lambobi bisa yadda alƙalumansu suka jeru, ko suna karantuwa gaba da baya iri ɗaya, ko jimillar alƙaluman tana raba lambar. Ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Irin waɗannan sun rataya ne ga ƙirgar goma-goma da muka gada daga yatsun hannu. A canza tsarin rubutu su ɓace. Tubalai bakwai kuwa suna nan ko da wane rubutu aka rubuta lambar.

Rula da kamfas

Ban taɓa daina mamakin wannan ɓangare ba, don ba wanda zai yi zaton tubalan lamba suna da hulɗa da zane. Mutanen Girka na dā sun iya zana siffa mai gefe uku daidai-wa-daida da rula da kamfas kawai, ba awon kusurwa. Sun iya mai gefe biyar, da mai 15, da duk abin da aka samu ta ninka waɗannan da biyu, haka ma mai gefe huɗu da ninke-ninkensa. Mai gefe bakwai da mai tara suka gagare su. Shekara dubu biyu ba wanda ya ƙara komai a kai.

Ranar 30 ga Maris 1796, Carl Friedrich Gauss, Bajamushe ɗan shekara 18, ya gano cewa mai gefe 17 tana zanuwa. Dalilin da ya sa 17 ta yiwu bakwai ta ƙi shi ne 17 gagara-rabo ce 'yar gidan Fermat. Dokar, wadda Pierre Wantzel ya kammala hujjarta a 1837, ita ce: siffa mai gefe wutiri tana zanuwa ne kawai in tubalan adadin gefenta duk gagara-rabon Fermat ne, kuma ba wanda ya maimaitu. Shi ya sa tara ta faɗi, don uku ta zo sau biyu a cikinta. An fitar da hanyar zana mai gefe 257 a 1832. Wani malami, Johann Hermes, ya shafe kimanin shekara goma a kan mai gefe 65,537, ya kammala a 1894, takardunsa kuma suna ajiye a jami'ar Göttingen.

Ka ga inda lambarmu ta shigo. A cikin 128 ɗin da ke raba ta, 32 ne ba ruwansu da 641 ko 6,700,417. Cire ɗaya daga ciki, saura 31, kuma waɗannan 31 su ne duk adadin gefe wutiri da aka san suna zanuwa, daga 3 har zuwa 4,294,967,295. Da maganar Fermat ta tabbata, da ita kanta lambar Sissa ta shiga sahunsu. Tubalin da Euler ya tono shi ya hana.

A cikin aljihunka

Kwamfuta da wayar hannu ba su san goma ba. Makunnai ne ƙanana birjik a cikinsu, kowane ko a kunne ko a kashe, ɗaya ko sifili. Na farko darajarsa ɗaya, na biyu biyu, na uku huɗu, na huɗu takwas. Allon Sissa ne sak. Yawancin wayoyi da kwamfutocin yau suna aiki da jerin makunni 64 a lokaci guda, kuma in aka kunna su duka, lambar da suke nunawa ita ce 18,446,744,073,709,551,615. A rubutun na'ura ba ta da wani kwarjini: ɗaya ce guda 64 a jere. Ita ce iyakar abin da jerin zai ɗauka. Ƙara mata ɗaya, duk makunnan su mutu a koma sifili, kamar yadda mitar tsohuwar mota ke yi in ta cika.

Irin wannan iyaka ta taɓa fitowa bainar jama'a. A ƙarshen 2014 masu kallon bidiyon waƙar Gangnam Style a YouTube suka haura 2,147,483,647, wadda ita ce jimillar gida 31 na allon, kuma iyakar ma'ajin ƙirga mai makunni 32 in an ware ɗaya don nuna riba ko bashi. Kamfanin ya sanar cewa ya koma mai makunni 64, wanda iyakarsa 9,223,372,036,854,775,807. Wannan ita ce alkamar gidan ƙarshe na allon, ba ƙwaya ɗaya. Ita ma 65,537 tana aiki kullum ba ka sani ba: ita ce lambar da aka fi sa wa a makullin tsarin RSA, wanda ke cikin masu tsare saƙonni tsakanin waya da banki a intanet. An zaɓe ta ne don gagara-rabo ce, kuma a rubutun na'ura makunni biyu kawai take kunnawa, abin da ke sauƙaƙa lissafi.

Kafin ka juya shafi, ɗauko biro da takarda, ka ajiye waya gefe. Rubuta 4,294,967,297 ka raba ta da 641 yadda aka koya mana a firamare. 641 cikin 4,294 sau shida, saura 448. Sauko da 9: cikin 4,489 sau bakwai, saura biyu. Mataki biyar suka rage, kuma naka ne. In ka bi su daidai, a na ƙarshe za ka tarar da 4,487, wadda take 641 sau bakwai, ba saura ko ɗaya.